Gwajin furoton a ganyen latas: rahoton ci gaban aiki daga Jos

3 ga Nuwamba, 2025

Abin da muke so mu fitar shi ne darasin gwaji da zai sa ɗalibi ya ga da idonsa abin da littafi ke wucewa a layi biyu. A ganyen tsiro, haske ba ya haɗa ATP, sinadarin da ke ɗauke wa ƙwayar halitta makamashi, kai tsaye. Aikinsa shi ne tura furoton, ƙwayar haidurojin mai caji wadda yawanta ke kawo tsami, cikin jakunkunan tilakoid har su cunkushe, sai fitowarsu ta haɗa ATP. Mu malaman ilmin halittu da na sinadarai ne a nan Jos, kuma mun taƙaita kanmu ga kayan da ɗakin gwaji mai matsakaicin ƙarfi zai iya mallaka: bulenda, injin santirifuj na kan tebur, na'urar auna launi, na'urar auna pH (ma'aunin tsami, lambarsa na sauka in tsami ya ƙaru) mai nuna har 0.01, fitila da ƙanƙara.

Ga yadda abin yake. A cikin kuloroplas, koren sashen ƙwayar ganye da ke sarrafa haske, akwai ruwa da ake kira sitoroma, a cikin ruwan kuma akwai jakunkuna masu faɗi, su ne tilakoid, a jere bisa juna, kowace da tantani mai hana furoton wucewa. Tashar haske ta 2, ɗaya daga cikin gungun furotin biyu masu kama haske a jikin tantanin, tana fasa ruwa da taimakon manganis 4 da kalsiyam 1. Ruwa 2 suna ba da oksijin 1, ilektoron 4 da furoton 4, kuma furoton ɗin a cikin jaka suke zuba. Daga nan filastokwinon ya karɓi ilektoron, ya ɗebi furoton daga sitoroma, ya kai su saitokurom b6f, wanda ke sakin furoton 2 a cikin jaka kan kowane ilektoron ɗaya, wato 8. Jimilla 12 ke nan a duk oksijin ɗaya da ya fita. Ilektoron ɗin ya wuce ta filastosayanin zuwa tashar haske ta 1, ya bi feredoksin, ya ƙare a NADPH, sinadarin da ke kai ilektoron wajen haɗa sukari. Cikin jaka ya yi tsami, sitoroma kuma ta tashi daga wajen pH 7 a duhu zuwa wajen 8 a haske.

Wanda ya san yadda ake samar da wuta a Kurra tun zamanin haƙar kuza ya riga ya fahimci rabin maganar: ruwa ya taru a sama, hanyar sauka ɗaya ce, a bakin hanyar kuma aka kafa injin. A tilakoid injin shi ne inzayim mai haɗa ATP, kuma da gaske juyawa yake yi. Inda misalin ya gaza shi ne furoton na ɗauke da cajin lantarki, don haka ƙarfin da ke tura shi kashi biyu ne, bambancin pH da bambancin caji. A zafin 25°C, bambancin pH na ma'auni ɗaya daidai yake da milivolt 59.

Peter Mitchell ne ya kawo wannan ra'ayi a 1961, aka daɗe ana ja da shi, sai a 1978 aka ba shi lambar Nobel. Gwaje-gwajen André Jagendorf na cikin waɗanda suka karya musun, kuma su muke bi: tashin pH a haske da aka nuna a 1964, da wankan asid na 1966, wato jiƙa tilakoid a asid sannan a mayar da shi ruwa marar tsami, wanda ya haɗa ATP a cikin duhu.

10 ga Nuwamba

Zaɓen ganye. An ɗauko iri-iri daga kasuwar Farin Gada da sassafe. Lalo ya faɗi tun a tata, yauƙinsa ya toshe ƙyalle, abin da ya wuce kuma ya ƙi kwanciya a santirifuj. Yakuwa tana da tsamin kanta, da an markaɗa sai ya rinjayi ruwan haɗin, koren ya dushe. Shuwaka tana komawa ruwan ƙasa cikin 'yan mintoci saboda sinadaran finol, waɗanda ke lalata furotin ɗin tantani. Alayyahu ya ba da kore mai kyau, amma tsiro ne na rukunin C4, kuloroplas ɗinsa iri biyu ne, kuma hakan zai rikita wa ɗalibi lissafi. Latas muka tsayar, ganyen waje masu duhun kore, ba fararen ciki ba.

A wanke, a naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kwana da shi a firji cikin duhu. Dalilin kwanan shi ne sitaci ya ragu. Ƙwayoyin sitaci suna da nauyi, in santirifuj ya ɗauki gudu sai su keta tantani su fita. Farin zobe a ƙasan bututu, ƙarƙashin koren, alama ce cewa ganyen bai huta sosai ba.

14 ga Nuwamba

Tsarin tace tilakoid ya daidaita, ga shi dalla-dalla don wanda zai maimaita.

Ruwan markaɗe: sukari 0.4 M, wato giram 13.7 a cikin 100 mL, da Tricine, sinadarin riƙe pH, 20 mM a pH 7.8, NaCl 10 mM, MgCl2 5 mM, da askobet 5 mM wanda ake zubawa a ranar aiki. Sukarin yana hana kuloroplas shan ruwa ya fashe tun kafin lokaci, askobet kuma yana hana finol yin ɓarna. Kofin bulenda, bututai da mazubansu duk su kwana a firji, ruwan kuma ya zauna cikin ƙanƙara. A cire jijiyar tsakiya, a auna giram 25 na ganye, a yayyanka cikin 100 mL.

A kunna bulenda daƙiƙa 5, a kashe, sau 3. Nan ne aka fi samun asara, domin hannu ya saba da markaɗen miya, yana son ganin abu ya yi laushi. Dogon markaɗe yana kawo kumfa da zafi, ya yayyaga jakunkunan. Irin wannan tilakoid kore ne shar, yana ma iya fitar da oksijin, amma ba zai riƙe furoton ba. Gara a bar rabin ganyen a ƙyalle.

A tace da ƙyallen tace kamu, ninki 4, ba matsewa. A juya a santirifuj a 200 g (g a nan ƙarfin juyi ne, ba giram ba) na minti 2, a zubar da abin da ya kwanta. A sake juya ruwan saman a wajen 1,800 g na minti 8. Yawancin injinan kan tebur rpm suke nunawa, to ga lissafin: g daidai yake da 0.00001118 sau tsawon hannun injin a santimita sau rpm sau rpm. In hannun santimita 10 ne, 4,000 rpm na ba da kusan 1,790 g. Injin da ba shi da na'urar sanyaya yana ɗumama abin da ke ciki, shi ya sa ake sanyaya mazuban tun daga dare.

Koren da ya kwanta a narka shi da burushin zane mai laushi a cikin NaCl 10 mM da MgCl2 5 mM, ba sukari, na minti 1. Wannan yana fasa rigar waje ta kuloroplas ya bar tilakoid a buɗe ga sinadaran da za a zuba. A juya, a sake wankewa a KCl 50 mM, giram 3.73 a lita. Na ƙarshe a narka a 2 mL kacal, a naɗe bututun da takardar alminiyam, a binne cikin ƙanƙara. Ya fi aiki a sa'o'i 2 zuwa 3 na farko.

21 ga Nuwamba

Auna kulorofil, koren sinadarin da ke kama haske, da hanyar Arnon ta 1949: 0.1 mL na tilakoid a cikin asiton mai kashi 80 cikin 100 har ya cika 10 mL, a juya ya washe, a karanta a 652 nm. A ninka abin da na'ura ta nuna sau 2.9, shi ne miligiram na kulorofil a kowace mL. In ba a yi wannan ba, babu yadda za a kwatanta gwajin yau da na gobe.

An gwada DCPIP, shuɗin rini da ke gushewa in ya karɓi ilektoron, don tabbatar da tilakoid ɗin na raye: 0.1 mL na 1 mM a cikin 3 mL, ana karantawa a 600 nm. Shuɗin yana gushewa a haske, yana nan a duhu. In ya gushe a duhu ma, askobet ne ya biyo, wankin bai isa ba. Wannan gwaji, wanda asalinsa aikin Robin Hill ne na 1937, tafiyar ilektoron kawai yake nunawa. Bai ce komai kan furoton ba, kuma kada a gaya wa ɗalibai ya ce.

2 ga Disamba

Gwajin tashin pH. Ƙaramin kofin gilashi, 5 mL na KCl 50 mM, tilakoid mai kulorofil 100 µg a kowace mL, PMS (sinadari mai jigilar ilektoron) 30 µM, maganaɗisun motsawa a hankali. A saita pH a 6.2 da ɗigon HCl mai rauni. Ba a sa Tricine ko wani sinadarin riƙe pH, domin shi zai shanye canjin da ake nema. PMS yana ɗauko ilektoron daga bayan tashar haske ta 1 ya mayar da shi gabanta, yana tsallaka tantani da furoton, don haka ana cika jaka ba tare da an ƙara ko an rage asid a kofin gaba ɗaya ba. Haske na lalata shi, a haɗa shi a ranar, a rufe kwalbarsa. Metil bayolojin ma zai yi aikin, amma shi ne guban farakwat, ba mu yarda ya shiga hannun ɗalibai ba.

Abin da ake sa ran gani: da an kunna fitila pH na ruwan waje ya tashi cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ya tsaya, da an kashe ya koma inda ya fito. An ga tashin, amma lambar tana yawo. Sababi biyu sun bayyana. Na farko ruwa: na rijiyar burtsatse yana da bayikabonet, ko tataccen ruwa ma yana shan iskar kabon dayoksaid, kuma a pH 6.2 ana dab da 6.35, inda wannan sinadari ya fi ƙarfin riƙe pH. A tafasa tataccen ruwa, a huce shi a rufe, a rufe bakin kofin, mai kallo kuma ya daina sunkuyawa yana numfashi a kai. Na biyu fitila: ƙwan da ke zafi yana ɗumama ruwan, kuma wayar azurfa da ke cikin sandar auna pH tana jin haske. An koma jar fitilar LED, an sa kwalbar ruwa tsakaninta da kofin, an naɗe saman sandar da baƙin tef. A fara da kofin da babu tilakoid. In lambar ta motsa da kunna fitila, matsalar ta na'ura ce.

11 ga Disamba

Hunturu ya shigo da tasa matsalar. Iska ta bushe, tufafin roba suna tara cajin lantarki, mutum na matsowa kusa da tebur sai lambar ta yi tsalle. Sandar gilashi tana aiki da siginar lantarki mai rauni ƙwarai, ƙaramin caji a kusa ya isa ya ruɗa ta. An kewaye kofin da wayar da takardar alminiyam da aka haɗa da waya zuwa ƙasa, an bar taga ga haske, masu aiki sun koma rigar auduga, na'urar kuma ta koma batir don kauce wa hayaniyar janareto. Sanyin safiyar Jos kuwa alheri ne ga wannan aiki, tilakoid ya fi daɗewa da ƙarfinsa.

Yanzu layin ya fito tsaf: ya hau a haske, ya daidaita, ya sauka a duhu, kuma ana maimaitawa a kofi ɗaya. Inda ya daidaita shi ne inda yoyon furoton ya yi daidai da shigarsu. Saurin saukar a duhu kuwa shi ne ma'aunin ingancin tantani, in jakunkuna sun huje, tashin kaɗan ne, saukar nan take.

Canjin pH shi kaɗai ba adadi ba ne. A ƙarshen kowane zagaye a zuba 10 µL na HCl 10 mM, wato nanomol 100 na furoton, a ga nawa lambar ta sauka, da shi za a mayar da tashin zuwa nanomol a kowane miligiram na kulorofil. Tilakoid mai kyau yana shan ɗaruruwan nanomol.

Akwai lissafin da ya kamata kowane malami ya yi wa ajinsa a allo. Ɗauki faifan tilakoid ɗaya mai faɗin nanomita 400, kaurin cikinsa nanomita 10. A pH 6, furoton da ke yawo sake a cikin wannan ɗan wuri bai kai ɗaya ba, kusan 0.8 ne. Ke nan ɗaruruwan nanomol ɗin da suka shiga kusan duka sun maƙale ne a jikin furotin da ke fuskantar cikin jaka, daga can ake sakin su yayin da wasu ke fita.

18 ga Disamba

Rushe tarin furoton da gangan. Amoniyam kuloraid 0.5 M, giram 2.67 a 100 mL, a zuba 50 µL cikin 5 mL ya zama 5 mM. Amoniya marar caji tana ratsa tantani, ta kama furoton a ciki, ta bar nata a waje. Da an zuba, tashin pH ya kusan ɓacewa.

Sai gwajin da muka fi so a duk aikin. A maye PMS da fotasiyam ferisayanaid 1 mM, a pH 7.6, da Tricine 1 mM da kulorofil 30 µg a mL. A nan ilektoron daga ruwa yake zuwa ya tsaya a ferisayanaid, furoton ɗin ruwan kuma ba mai karɓarsu, don haka kofin yana ƙara tsami a hankali, furoton ɗaya kan ilektoron ɗaya. Saurin saukar pH shi ne saurin tafiyar ilektoron. A karanta minti na farko kawai, kafin ferisayanaid ya ƙare. Da aka zuba amoniyam, saurin ya ninka fiye da sau 2 a sabon tilakoid. A wanda ya wuni a tebur bai canza ba, domin babu tarin da za a rushe. DCMU 10 µM ya tsayar da komai, tunda yana toshe mazaunin filastokwinon a tashar haske ta 2. Sinadarin shi ne diyuron na maganin ciyawa, amma na kantin manoma yana da abubuwan haɗi masu iya huda tantani, a nemi tsantsarsa. Ferisayanaid kuma kada ya haɗu da asid mai ƙarfi ko zafi, yana iya sakin iskar sayanaid.

Me ya sa ilektoron ke ƙara gudu in an huda jaka? Domin saitokurom b6f sai ya saki furoton a ciki kafin ya miƙa ilektoron gaba, in cikin ya riga ya yi tsami sai aikin ya yi nauyi. Tsiro yana amfani da wannan don kare kansa. Da rana tsaka a gonar rani, in ruwa ya yi ƙaranci, ƙofofin ganye suna rufewa, kabon dayoksaid ya ragu, ATP ba ya samun mai kashe shi, furoton su taru. Tsamin yana rage gudun ilektoron, yana tada furotin PsbS, yana kunna inzayim da ke mayar da bayolazantin zuwa ziyazantin, rarar hasken ta fita a matsayin zafi maimakon ta ƙona tashar haske ta 2.

13 ga Janairu, 2026

Haɗa ATP a haske, da na'urar pH ɗin dai. A pH 8, duk ATP ɗaya da aka haɗa daga ADP (ATP da ya rasa fosfet ɗaya) da fosfet yana cinye kusan furoton ɗaya har abada. Haɗin: KCl 50 mM, MgCl2 5 mM, fosfet 2 mM, ADP 1 mM, PMS 30 µM, kulorofil 30 µg a mL. Layin ya bambanta da na Disamba: pH yana ta hawa muddin fitila na kunne, in an kashe kuma ba ya dawowa sai ɗan kaɗan. Ɗan da ya dawo shi ne tarin cikin jaka, wanda bai dawo ba shi ne ATP. Babu ADP, babu dogon hawa. Da amoniyam ma babu, alhali haske na nan, ilektoron na tafiya. Waɗannan kofuna uku a jere sun isa hujja ga ɗalibi mai lura. ADP a raba shi ƙananan kwalabe a daskare, wanda aka narke aka sake daskarewa yana raguwa, kuma a daidaita pH ɗinsa zuwa 8 kafin zubawa.

Lissafin injin: zoben da ke juyawa a tantani yana da gida 14 a kuloroplas ɗin da aka fi nazari, zagaye ɗaya na cin furoton 14 ya ba da ATP 3, wato 4.67 kan kowane ATP. In haɗa ATP na bukatar kusan kilojul 50 a mol, kowane furoton sai ya kawo 10.7, kwatankwacin milivolt 110, ko bambancin pH kusan 2. Furoton 12 na oksijin ɗaya suna ba da ATP 2.57 tare da NADPH 2, amma zagayen Calvin, matakan da ke mayar da kabon dayoksaid sukari, yana son ATP 3 kan NADPH 2. Giɓin ana cike shi da ilektoron da ke kewaya tashar haske ta 1 yana tura furoton ba tare da yin NADPH ba, irin abin da PMS ke kwaikwayo a kofinmu. Paul Boyer da John Walker sun sami Nobel a 1997 kan yadda wannan inzayim ke aiki, a shekarar ce kuma masana a Japan suka ga juyawarsa a madubin ƙara girma.

A faɗa wa ɗalibai cewa a kofi mai KCl, kuloraid na bin furoton ciki, magniziyam da fotasiyam na fita, sai bambancin caji ya mutu, kusan duk ƙarfin ya koma bambancin pH. A ganye mai rai wani kaso na ƙarfin yana zama a caji.

27 ga Janairu

Saura wankan asid. An haɗa ruwan biyu. Na farko saksinet 10 mM a pH 4.0 da DCMU, inda tilakoid zai zauna minti 1 a duhu. Na biyu Tricine mai ƙarfi, 100 mM a pH 8.3, da ADP, fosfet da MgCl2. Za a zuƙe na farko da sirinji a watsa cikin na biyu lokaci guda, cikin jaka na da tsami, waje ya koma 8, sai a tsayar da aikin bayan daƙiƙa 15. HCl kaɗai ba ya ba da ATP mai yawa. Asid ɗin saksinet a pH 4 yawancinsa ba shi da caji, yana shiga jaka ya zama ma'ajiyar furoton da za ta ci gaba da ciyar da injin na 'yan daƙiƙu. Ɗakin sai ya yi duhu sosai, ko hasken waya a kashe.

Na'urar pH ba ta da amfani a nan, tsallen da pH ke yi daga 4 zuwa 8 ya binne komai. Ana bukatar lusifares, inzayim ɗin da ke ba da haske in ya haɗu da ATP, da na'urar auna wannan hasken. An yi odar lusifares, kuma dole ya iso cikin sanyi, in ya sha zafin hanya ya mutu. Kafin ya iso za a haɗa jerin ATP sananne daga nanomola 10 zuwa 1,000 a cikin cakuɗen ruwan biyu, domin gishirin da ke ciki yana rage hasken lusifares. Za a kuma tanadi kofin da ya fara daga pH 8 ya koma pH 8, don a cire ATP da ke zuwa daga ADP ta wata hanya dabam.